Yaranmu maza a makarantun Amurka: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Shekara 11 ke nan duk Asabar bayan Azahar nake zama da yara maza a wani ɗaki da ke ƙasan masallacinmu a Bronx, cikin birnin New York. Yawancinsu 'ya'yan 'yan zango ne daga Kumasi da Ankara ta ƙasar Ghana, sai 'ya'yan mutanen Nijar, da na Najeriya kaɗan. Yaran suna girma suna wucewa, amma tambayoyin iyayensu suna nan yadda suke. Wani ya tare ni ina neman takalmina a bakin ƙofa, wani ya kira ni ƙarfe 11 na dare. Ga su nan na rubuta. Wanda ya sake tambayata, wannan zan tura masa.

Wai mene ne wannan jagorancin da kake ta faɗa?

Babban mutum ya riƙe yaro ɗaya, yana ganinsa a kai a kai, ya san abin da ya ci a lissafi, ya san sunayen abokansa. Shi ke nan. A gida aikin kawu ne, ko baffa, ko maƙwabci. A nan babu su, sai an nemo.

Ai yana da uba. Me zai yi da wani ƙato?

Alhaji, kana fita da tasi ƙarfe 4 na yamma, sai asuba kake shigowa. Yaushe rabon da ka ga jakar makarantarsa a buɗe? Ban ce laifinka ba ne, kuɗin haya ba ya jira. Ko da ma kana gida, akwai maganar da ɗan shekara 14 ba zai taɓa faɗa wa ubansa ba. Kai ka faɗa wa naka?

A 2018 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar da bincike kan yara kusan miliyan 20. Sun gano cewa yaro baƙar fata, ko a gidan masu hali ya tashi, idan ya girma abin da yake samu bai kai na farar fatar da suka tashi da arziki iri ɗaya ba, alhali tsakanin 'yan mata ba a ga wannan giɓin ba. Cikin abubuwan da suka ga suna tafiya da raguwar giɓin akwai yawan iyaye maza baƙaƙe a unguwa, ko da uban yaron kansa ba ya cikinsu. Mu dai tun muna ƙanana muke jin ana cewa ɗa na kowa ne. Sai da aka kawo mana shi da alƙaluma.

Ɗana ɗan Afirka ne, ba baƙar fatar Amurka ba. Me ya haɗa shi da wannan?

Wannan ce tambayar da ke ɓata mini rai. A watan Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41 kan Amadou Diallo a ƙofar gidansu, nan cikin Bronx. Ɗan Gini ne, shekararsa 23, talla yake yi a bakin titi. Babu wanda ya tsaya tambayarsa ƙasar da ya fito.

A makaranta ma haka take. Ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta tarayya ta shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 ta nuna yara maza baƙaƙe kashi 8 cikin 100 ne na ɗalibai, amma su ne kashi 25 na waɗanda aka dakatar aka tura gida. A wannan lissafin babu gurbin Bahaushe ko Bazabarme. Ɗanka yana cikin kashi 8 ɗin nan, ko ka so ko ka ƙi.

Kuma don Allah ku daina kiran baƙaƙen fatar Amurka da sunan rainin da kuka sani, musamman a gaban yara. Dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe wa irinmu ƙofa, a cikin guguwar gwagwarmayarsu aka yi ta. Ƙungiyar One Hundred Black Men tun 1963 take aiki a New York, ita ce ta tsaya aka buɗe makarantar maza zalla ta Eagle Academy a Bronx a 2004. Mun zo mun tarar da rijiya an haƙa, muna sha, muna zagin masu haƙa.

Nawa ake biya?

Ko sisi. Ƙungiyar Big Brothers Big Sisters, mai haɗa yara da jagorori, wadda ta samo asali a New York a 1904, ba ta karɓar kuɗi daga iyaye. Sai dai akan jira, don maza masu sa kai sun yi ƙaranci.

Wannan ne shirin Obama? Ana ba da kuɗi?

My Brother's Keeper kake nufi, shirin tallafa wa yara maza baƙaƙe da sauran waɗanda ba farar fata ba. Ya ƙaddamar da shi a Fabrairun 2014, shekara biyu bayan kisan Trayvon Martin, baƙar fata ɗan shekara 17, a Fulorida. Tun 2017 yana ƙarƙashin gidauniyarsa. Garuruwa da ƙungiyoyi yake tallafa wa. Babu ofishin da za ka je ka karɓo cak.

Abin yana aiki kuwa, ko surutu ne?

Wani yana aiki, wani ba ya yi, wani ma ɓarna yake yi.

A Shikago akwai shirin Becoming a Man. Sau ɗaya a mako, a cikin lokacin makaranta, yara sukan zauna da'ira da wani babba da aka horar. Akwai wasan da suke fara yi: a ba yaro ɗaya ƙaramar ƙwallo ya damƙe a hannu, a ce wa abokinsa yana da daƙiƙa 30 ya karɓe ta. Kusan kowa kokawa yake kamawa. Bayan an gama sai malamin ya ce, wa ya gwada cewa "ba ni"? Sai a yi tsit. Idan aka tambayi mai ƙwallon, yakan ce da an roƙa da ya bayar, ai ƙwallo ce kawai. Masu bincike na Jami'ar Shikago sun raba yara ta hanyar ƙuri'a, suka ga kamun da 'yan sanda ke yi kan laifin tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 a lokacin shirin, kammala sakandare kuma ya ƙaru da kashi 12 zuwa 19. Sai dai raguwar kamun ba ta ɗore ba bayan an rufe shirin. Na gwada wasan ƙwallon da yaranmu, saura kaɗan a karya wa wani yatsa.

Ɓangaren ɓarna kuwa: a ƙarshen shekarun 1930 an yi wani shiri a Cambridge da Somerville, kusa da Boston, aka haɗa yara da masu ba su shawara. Da mai bincike Joan McCord ta bi sawunsu bayan shekara 30, sai ta tarar waɗanda aka taimaka wa ɗin sun fi sauran shiga matsala. Haka a 2002 masu bincike Jean Grossman da Jean Rhodes suka nuna cewa yaron da jagoransa ya ɓace kafin wata uku yakan koma baya, wanda aka riƙe shekara ɗaya ko fiye shi ke cin moriya. Yaron da aka taɓa yi wa alkawari aka saɓa, sake yi masa haka ƙarin gishiri ne a kan miki.

An dakatar da ɗana sau biyu, ya daina yi mana magana. In mayar da shi gida ne, ko in nema masa jagora a nan?

Hajiya, zauna tukuna, wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya amsa miki ita a tsaye bai san ɗanki ba.

Kafin a kai ga tikitin jirgi, kin karanta takardar dakatarwar? Sau da yawa sai in tarar tana cikin jaka ba a buɗe ba. A makarantun gwamnati na New York shugaban makaranta yana iya dakatar da yaro kwana 1 zuwa 5. Abin da ya wuce haka sai ya je sama, a yi zaman sauraro, kuma kina da damar zuwa da wanda zai tsaya miki, da neman tafinta kyauta. Tun 1975 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sai an gaya wa yaro abin da ake tuhumarsa da shi, an kuma ji ta bakinsa. Mu mun taso malam ba ya laifi, to a nan shirunki amincewa ake ɗaukarsa. Wani lokaci yaron ne da laifi, ƙwarai kuwa. Wani lokaci kuma kallo ne ko ɗaga murya aka rubuta da sunan barazana. Sai kin je za ki bambance.

Sannan a duba ko yana iya karatu. Na sha ganin yaron da ya gwammace a kore shi daga aji da a ce ya tashi ya karanta a gaban 'yan mata. Kina iya rubuta wa makaranta ki nemi a gwada shi, ba a kuma yin gwajin sai da sa hannunki. Na san ana tsoron kada a liƙa masa suna, kuma tsoron yana da tushe. Duk da haka, in matsalar ta karatu ce, Kumasi ba za ta warkar da ita ba, Maraɗi ma haka.

To, batun gida. Ba zan ce kada a kai ba, don na ga inda ya yi kyau. Wani yaronmu ya tafi yana da shekara 11, ya zauna hannun kakarsa da wani kawunsa malamin makaranta, ya dawo bayan shekara uku da Hausa a bakinsa, da izu mai yawa a kansa, da natsuwar da ban san shi da ita ba. Na kuma ga wanda aka ce masa hutu za a je, aka ƙwace fasfonsa a filin jirgi, aka bar shi gidan da kowa ke ganinsa a matsayin hanyar samun dala. Ya dawo yana da shekara 19, har yau ba ya gaisawa da ubansa. Abin da ya raba su, a ganina, shi ne shekaru, da hannun da aka danƙa yaron, da kuma ko an gaya masa gaskiya. Ɗan shekara 10 daban, ɗan 16 daban. Na 16 ya riga ya yi abokai, ya yi harshe, kuma yana tsakiyar tara kiredit 44, wato makin darussan da ya ci, da ake bukata kafin a kammala sakandare a wannan birni. In ya dawo ba lallai a ƙirga masa duk abin da ya karanta a can ba, ko da yake doka ta ba shi damar zama a makaranta har shekara 21.

Sai takardu. Wanda aka haifa a nan ɗan ƙasa ne, ya tafi ya dawo yadda ya so. Mai katin zama kuwa, idan ya shekara a waje ba tare da izinin dawowa ba, yana iya rasa katin. Ki ga lauya, kada ki dogara da maganar masallaci, har da tawa.

In da ni ne, sai in ba abin wata shida a nan tukuna, da namiji babba guda da yaron yake jin nauyinsa, da zuwa makaranta duk lokacin da aka kira. Amma akwai inda zan canza magana nan take: idan yaron ya shiga hannun gungun 'yan daba, ko an fara nemansa, ko kin ga makami. A nan rai ake magana, karatu ya jira. Ko shi ɗin ma ba dole sai Afirka ba, wani lokaci gidan ɗan'uwa a wani garin Amurka kamar Columbus ko Greensboro ya isa. Duk inda za a kai shi, a zaunar da shi a gaya masa dalili da ranar dawowa. Ki kwantar da hankalinki, dakatarwa biyu ba ta gama da yaro. Da yawa cikin waɗanda yau nake alfahari da su sun wuce haka.

Jagoran da makaranta ta ba shi ba Musulmi ba ne. In yarda?

Likitansa Musulmi ne? Ka gayyaci mutumin gida, ka ba shi tuwo, ka gaya masa abin da ba ma ci da lokutan salla. Abin da ya fi wannan muhimmanci: an bincika tarihinsa? Ƙungiyoyin kirki suna yi, ka tambaya. Ba a kulle ƙofa da yaro, ba a kwana, ba a kyautar ɓoye. Wannan ƙa'idar ta hau kan ɗan masallacinmu ma, har ni.

'Yan mata fa?

Suna bukata. Matanmu suna yi da su ranar Lahadi. Ku tambaye su.

Ina so in taimaka, amma ban yi boko mai zurfi ba, Turancina ma kame-kame ne.

Ba wa'azi muke nema ba, yaran nan sun ƙoshi da shi. Mafi amfani a cikinmu wani dattijo ne makanike, yakan ɗauki yara biyu su wuni a garejinsa suna miƙa masa sifana, a hanyar dawowa su ba shi labarin da ni ban taɓa ji ba. Sharaɗina ɗaya ne: shekara guda cur, ko kada ka fara. Asabar ne, bayan Azahar. Ka zo da katin shaida, akwai fom ɗin da za ka cike.