Shirin jami'a ba a SS3 yake farawa ba

Iyaye da yawa sun ɗauka sai yaro ya shiga SS3, an sayi fom ɗin JAMB, sannan shirin jami'a ya kankama. Ina! Tun ranar da aka raba yara a SS1, wannan ajin kimiyya, wancan na kasuwanci, aka fara buɗe wasu ƙofofi ana rufe wasu. Mai burin likitanci dole ta rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a JAMB, kuma ta samo kiredit ɗinsu haɗe da Lissafi a WAEC ko NECO. Abin da ciwo ka ga uwa riƙe da takardar ɗiyarta, maki 280 cikin 400, ana ce mata darussan ba su dace ba.