Ɓawon kunkurun ruwa: me ke sa ya yi laushi ko ya ruɓe?

Shin ɓawon nan yana da rai ne, ko sulke ne kawai?

Da ransa. Haƙarƙari da ƙashin bayan kunkuru ne suka haɗe suka zama wannan ƙoƙon, ƙasusuwa sama da 50. A samansu akwai shimfiɗar keratin, wato irin abin da farcenmu yake da shi, a ƙasa kuma jini ne da jijiyoyi. Shi ya sa in ka sosa masa baya yake ji, in ɓawon ya tsage kuma har jini yake fita.

Na ga wasu siraran gutsattsarin ɓawo suna yawo a ruwan tankin da nake kiwonsa. Ciwo ne?

Galibi saɓa ce. Kunkurun ruwa da yawa, irin mai jan tabo a gefen kai wanda asalinsa daga Amurka yake, suna zubar da tsohuwar shimfiɗa yayin da suke girma. In ka ɗaga ɓallin ka ga haske na ratsa shi, sabon da ke ƙasa kuma sumul yake da tauri, to lafiya lau. Kada dai ka ɓamɓare da hannu, bar shi ya faɗi da kansa.

To yaya ake gane ruɓa?

Hanci ne kan riga ido. Ciro shi, bari ya bushe, ka shinshina. Lafiyayyen ɓawo ba ya ɗoyi. Sai ka juya shi a hankali ka duba cikin, don nan ne mutane ke mantawa. Farin tabo da ke lotsawa in an danna, ƙananan ramuka, ja-ja a ƙarƙashin shimfiɗa, ko ruwa na tsattsafowa, duk alamu ne cewa ƙwayoyin cuta sun shiga, sau da yawa ta wani ɗan ƙarzanen da dutse mai kaifi ya yi. Farin da ke gogewa, ƙasansa kuma da tauri, yawanci gishirin ruwa ne ya bushe.

Abu biyu ke ciyar da ruɓa: ruwa mai datti, da rashin wurin bushewa. Na biyun ne aka fi rainawa, wai ai na ruwa ne. Amma dole ya samu tudun da zai hau ya bushe ƙayau, har da cikinsa, da ɗumin digiri 30 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, ruwan kuma kamar 24 zuwa 27. In ramin ya yi zurfi, ko ya daina cin abinci, sai likitan dabbobi, domin cutar tana iya shiga jini ta kashe shi.

Nawa ba ya wari, amma ɓawon na lanƙwasa in na matsa.

Ɗan ƙyanƙyasa yakan yi ɗan taushi, amma wanda ya tasa bai kamata ba. Ƙarancin kalshiyam ke nan, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, tushensa kuma sau da yawa haske ne. Sai da hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, fatarsa ke haɗa bitamin D3, sai da bitamin ɗin kuma jiki ke ɗaukar kalshiyam daga abinci. Ajiye tanki a bakin taga ba ya maganin wannan, don gilashi na tare UVB. A sa masa ƙwan UVB saman tudun, awa 10 zuwa 12 kullum, a canja shi bayan wata 6 zuwa 12 ko da ƙwan yana haske, saboda ƙarfinsa na raguwa ido bai gani ba. Tsokar nama zalla ma tana jawo matsalar. A haɗa masa abincin kunkuru na ƙwayoyi da ɗanyen ganye.

Zan iya shafa masa mai ya yi sheƙi?

A'a, fenti ma haka. Gansakuka in ta yi yawa, buroshin haƙori mai laushi da ruwan ɗumi sun isa, ba sabulu.

Sau nawa zan canja ruwa?

Kunkuru a ruwan yake ci, a nan yake kashi, don haka na'urar tace ruwa mai ƙarfi wajibi ce. A kwashe kamar kashi ɗaya bisa huɗu duk mako a zuba sabo. Bayan ka gama, ka wanke hannu da sabulu, domin ko lafiyayyen kunkuru na iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum gudawa. Saboda ita ce Amurka ta hana sayar da ƙananan da ɓawonsu bai kai inci 4 ba tun 1975, don yara kan sa su a baki.