Zagayen Kondratiev: tambayoyin da na gaji da maimaita amsarsu

Tambayoyin nan su ne dai kullum, yau wannan ya yi gobe wancan ya maimaita, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Dan Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mene ne zagayen Kondratiev?

Ra'ayi ne cewa tattalin arzikin ƙasashen jari-hujja masu masana'antu yana yin doguwar hawa da doguwar sauka, zagaye ɗaya ya ci shekara 50 zuwa 60. Nikolai Kondratiev, masanin tattalin arziki ɗan Rasha, shi ya fito da hujjojinsa a 1925. Wani masanin tattalin arziki, Joseph Schumpeter, shi ne ya laƙaba wa abin sunansa a 1939.

Shi ne karayar tattalin arziki da ake ji a labarai?

A'a. Wannan gajere ne. Gajerun zagaye ma iri-iri ne, kowanne da sunan masaninsa: akwai na Kitchin mai kamar wata 40, akwai na Juglar shekara 7 zuwa 11, akwai na Kuznets 15 zuwa 25. A daina cakuɗa su.

Yaushe zagaye na gaba zai fara, in san inda zan zuba kuɗina?

Haba. Kada ka yi wannan, wallahi da gaske nake. Masu bin ra'ayin nan su kansu ba su haɗu a kan ko zagaye na nawa ake ciki yanzu ba, wani ya ce na biyar wani ya ce na shida. Duk wanda ya nuno maka zane ya ce a shekara kaza kasuwa za ta faɗi saboda Kondratiev ya faɗa, riƙe kuɗinka.

Me Kondratiev ya auna?

Farashin sari, kuɗin ruwa, albashi, cinikin waje, da yawan kwal da ƙarfe da dalma da ake samarwa, galibi a Ingila da Faransa da Amurka. Ya ga hawa daga wajen 1790 zuwa 1810-1817, sauka har 1844-1851, wata hawa zuwa 1870-1875, sauka zuwa 1890-1896, sai hawa ta uku da ta kai 1914-1920. Ka ƙirga da kanka, zagaye biyu da rabi ke nan.

Na samo alƙaluma na shekara 200, yaya zan auna in ga ko zagayen yana nan?

To wannan ita ce tambaya, kuma ba ta da amsa guda. Ya danganta da wane alƙalami ka ɗauko da kuma abin da ka yi masa kafin ka zana.

Shi Kondratiev ga yadda ya yi da yawancin alƙalumansa: ya raba da yawan jama'a, ya cire doguwar haɓakar da ke tafiya a hankali, sannan ya daidaita abin da ya rage da matsakaicin shekara 9 don ya kashe gajerun zagaye. Wato ka ɗauki 1850 zuwa 1858 ka tara ka raba da 9 ka rubuta a gaban 1854, ka matsa shekara ɗaya ka sake, haka har ƙarshe. A Excel minti kaɗan ne. Za ka rasa shekara huɗu a farko da huɗu a ƙarshe, kuma layinka zai fito sumul yana hawa yana sauka, ranka ya yi fari.

Nan ne matsalar. A 1927 Eugen Slutsky, wanda ke aiki a cibiyar binciken da Kondratiev ɗin ke shugabanta a Mosko, ya ɗauki lambobin caca da aka zaro, lambobin da babu wata alaƙa tsakaninsu, ya riƙa tara su jere-jere kamar haka, sai ga layi yana hawa da sauka tamkar na tattalin arziki. Ke nan aikin daidaitawar kaɗai yana iya haifar maka da zagayen da babu shi. Shawarata, ka zuba lambobin banza cikin hanyar da ka bi, idan su ma sun ba ka zagaye mai kyau to ka san ba ka gano komai ba tukuna.

Sai maganar cire haɓaka. Ka ja miƙaƙƙen layi ka ga abu ɗaya, ka ja mai lanƙwasa ka ga wani abu daban, ƙololuwar ta matsa da shekara goma ko ta ɓace gaba ɗaya. Ka gwada aƙalla iri biyu uku, ka yarda da abin da ya tsaya a dukansu kawai.

Sannan yaƙe-yaƙe. Duba inda farashi ya kai ƙololuwa: zamanin yaƙin Napoleon, sai bayan yaƙin basasar Amurka da na Faransa da Jamus, sai yaƙin duniya na farko. Shin zagayen ne ya kawo yaƙin ko yaƙin ne ya tada farashi? Trotsky, ɗaya daga jagororin juyin juya halin Rasha, tun 1923 ya ce abubuwan waje ne irin su yaƙi da juyin juya hali ke jan layin. Ka bar shekarun yaƙi a ciki su mamaye zanen, ka cire su kuma ka yi giɓi. Ni nakan ce a yi duka biyun a nuna wa mai karatu.

Ko ka tsallake duk wannan, shekara 200 zagaye huɗu ne kacal, kamar wanda ya ga damina huɗu ne zai ce ya san halin ruwan sama na gari. Kada ranka ya ɓaci in sakamakon bai fito sarai ba, manya ma haka suka samu. A farashi na ƙarni na 19 ana ganin wani abu, wannan na yarda, amma a yawan kayan da ake samarwa hujjar tana da rauni sosai, kuma Kuznets da kansa ya nuna shakkarsa a 1940 da ya yi bitar aikin Schumpeter.

Me ya sa ba a ci gaba da auna farashi kawai ba?

Saboda kuɗi ya canza. Da can kuɗi a ɗaure yake da zinare, an samu zinare a Kalifoniya 1848 da Ostireliya 1851 farashi ya ɗaga, daga 1873 zuwa 1896 ya yi ta sauka har zinaren Afirka ta Kudu ya cika kasuwa. Bayan yaƙin duniya na biyu farashi kusan hawa kawai yake, a 1971 kuma shugaban Amurka Nixon ya raba dala da zinare. Ba abu ɗaya kake aunawa ba kafin da bayan.

To GDP fa, wato jimillar darajar abin da ƙasa ke samarwa?

Lissafin kuɗin shigar ƙasa na gwamnati a shekarun 1930 ya fara. Na baya duk ƙiyasi ne da masana irin su Angus Maddison suka sake ginawa. Yana da amfani, amma ka san abin da ka riƙe.

Zai yi aiki a Najeriya ko Nijar?

Ba don irin tattalin arzikinmu aka gina shi ba, kuma ba mu da alƙaluma masu tsawon haka.

Gaskiya ne an kashe Kondratiev?

Gaskiya ne. An kama shi a 1930, aka ɗaure shi a garin Suzdal na Rasha, aka harbe shi a watan Satumba 1938 zamanin Stalin. Zalunci ne tsantsa kuma abin yana damuna, amma dan Allah a daina kawo mini kisan a matsayin hujjar cewa lissafinsa daidai ne. Lissafi da alƙaluma ake gwada shi.