Buɗe kan mamaci a binciken gawa: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Mutanenmu na ƙauyukan Ringim da Gaya da Wudil, ga amsar tambayoyin da kuke ta yi kan ciro ƙwaƙwalwar mamaci idan likita na binciken gawa. Ku karanta ku faɗa wa na gida.

Sayar da ƙwaƙwalwar ake yi?

A'a. Ku daina yaɗa wannan magana, tana sa mutane ƙin yarda da binciken, ta hana a gano masu kisa.

Ta yaya ake ciro ta?

Ana tsaga fatar kai daga bayan kunne zuwa bayan ɗaya kunnen, a yanke ƙoƙon kai da zarto, a ɗaga ƙwaƙwalwar a auna. Ta babban mutum kan kai kilo 1.3 zuwa 1.4. Daga nan a mayar da ƙoƙon a ɗinke. Ba a taɓa fuska, mai wanka ma sai ya duba zai ga ɗinkin.

Ai ba rauni a kansa, me za a gani?

Haba Alhaji! Mutum kan sha gora a rikicin gona, ya tashi ya ci tuwo, washegari a wayi gari babu shi. Jini ne ya taru tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ta lulluɓe ta, kuma daga waje ba a ganinsa. Haka ake gane sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a 1996, da zazzaɓin cizon sauron da ya hau kai, da haukan kare.

Lakar baya fa?

Ba kullum ake cire ta ba. Akan cire ta ne idan akwai dalili, kamar zargin karayar wuya ko ta gadon baya.

Za mu samu yin jana'iza a ranar?

To, nan ne maganar take da tsawo. Ƙwaƙwalwa laushi gare ta kamar awarar da ba a soya ba, shi ya sa idan ana son cikakken bincike akan jiƙa ta a ruwan fomalin, wato maganin da ke hana nama ruɓewa ya sa shi tauri, wajen mako biyu kafin a yayyanka. Amma ba kowace mutuwa ke buƙatar haka ba. Sau da yawa likita kan duba ta a take, ya ɗebi 'yan ƙananan yanki, ya mayar da sauran, ku ɗauki gawarku. Idan ya ce lallai sai ƙwaƙwalwar ta kwana, ana iya binne mamacin, a ba ku ita daga baya ku binne. Wannan ku zauna da limaminku, kuma ku tambayi likita tun kafin ya sa wuƙa, ba bayan an ɗaura likkafani ba. In kuwa alƙali ne ya ba da umarni, ba ku da ta cewa sosai, sai dai ku roƙi a hanzarta. Ni dai shawarata, kada ku ɓata yini kuna gardama a zauren dagaci. Da zafin bazara ƙwaƙwalwa na cikin abin da ke fara lalacewa, ga hanya zuwa asibitin Malam Aminu Kano ko Dutse da nisa.

Musulunci ya yarda?

Hadisin da ya hana karya ƙashin mamaci yana nan. Amma Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta halatta binciken gawa tun 1976 saboda shari'ar kisa da gano annoba. Ku kwantar da hankalinku, Baba.