Tsakanin Magariba da Lisha: Awa Biyun da Talabijin Ya Karɓe Mana

Duk wanda ya yi azumi a Makka ko Jidda tsakanin 1993 da 2011 ya san yadda gidaje suke komawa da zarar an sallame sallar Magariba. Yaro zai kwala wa 'yan'uwansa kira cewa an fara Tash, kowa ya suri farantinsa ya nufi ɗakin da talabijin yake. Tash ma Tash wasan barkwanci ne na Saudiyya wanda Nasir Al-Ƙasabi da Abdullahi Al-Sadhan suka ja ragamarsa, kuma a 1993 aka fara nuna shi a tasha ta ɗaya ta gidan talabijin na gwamnati. Amir Al-Hamud ne ya ba da umarni a zango biyu na farko, daga nan Abdulkhaliƙ Al-Ganim ya karɓa ya daɗe yana riƙe da shi. Al-Ganim ya rasu a 2021, Allah Ya jiƙansa. Kowace halƙa, wato kashi ɗaya na shirin, da nata labarin, tsawonta kamar rabin awa: yau ma'aikacin ofis mai sa mutane zirga-zirga kan takarda ɗaya, gobe rikicin miji da mata, jibi ɗan ƙauye ya shigo birni. Gidajen Hausawa na unguwannin Shara Mansur da Misfala a Makka su ma da su ake yi. Tsohuwar da Larabcinta bai wuce na cefane ba tana zaune, jika yana fassara mata, ta yi dariya bayan kowa ya gama tasa.

Shirin bai tafi lami lafiya ba. A shekarar 2000 kwamitin fatawa na ƙasa ya fitar da bayani yana hani a kansa, kuma akwai gidajen da tun daga ranar suka daina kunna shi. A tsakiyar shekarun 2000 ya bar tashar gwamnati ya koma MBC, ya ci gaba har ya cika zango 18 a 2011, sannan ya tsaya. Sai a azumin 2023 mutanen biyu suka sake haɗuwa suka fitar da Tash Al-Auda. Hukuncin kallo na malamai ne, su za a tambaya. Ni aikina wayar da kan masu ciwon suga ne a wata ƙaramar mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a Makka, kuma abin da ya dame ni a tarihin nan shi ne lokacin da ake sa shirin.

A wannan ƙasa idan azumi ya kama, ana jinkirta kiran Lisha zuwa awa biyu bayan Magariba, maimakon awa ɗaya da rabi na sauran watanni. A cikin awa biyun nan ne mai azumi yake cin mafi yawan abincin wuninsa, a cikinsu mai ciwon suga yake shan babban kason maganinsa, kuma a cikinsu sugan jini yake yin tashin da ya fi kowanne a wunin. Nan ne daidai gidajen talabijin suka kafa mafi tsadar shirye-shiryensu, domin sun san kowa yana gida. Shekara da shekaru Tash ya koya wa gidaje cewa sufra, shimfiɗar cin abinci, a gaban allo ake shimfiɗa ta. Shirin ya tsaya, ɗabi'ar ba ta tsaya ba.

A farko lamarin da sauƙi. Tashoshin gwamnati ne kawai a yawancin gidaje, idan halƙa ta ƙare babu wani abin kirki da zai riƙe mutum, sai a miƙe a yi alwala a kama hanyar masallaci, mazauna kusa da Harami ma a ƙafa suke takawa. Da dish ya cika rufin gidaje sai lissafi ya canza. Ana gama wannan musalsal, wato wasa mai dogon zango, wancan ya ɗora, a tsakani kuma tallan lemo da man girki da kayan zaƙi, a kai ƙarfe biyu na dare a sake maimaita na farkon ga wanda bai gani ba. Yanzu ma ba a jiran tasha. Waya tana hannu, Shahid da YouTube suna ɗora halƙa a kan halƙa ba tare da an taɓa komai ba. Rabin awar 1993 ta zama zaman da yake kaiwa sahur.

Watan ma kansa ya zagaya. Azumin 1993 ya faɗo ne a ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, na 2000 a cikin sanyin Nuwamba da Disamba, amma na 2011 a Agusta aka yi shi, cikin zafin da yake haura digiri 40, ana kame baki sama da awa 14. A irin waɗannan shekaru mutum yana zuwa sufra maƙogwaro a bushe, kofi uku na abin sha mai zaƙi sun wuce kafin ya kai loma ɗaya. Yaran da suka tashi a lokacin, da wannan ɗabi'ar suka girma.

Su nake so su saurare ni da kyau. Yaron da yake shekara 10 ranar da aka fara nuna Tash, yau ya haura 40. Ya yi tumbi, yana tuƙi ko yana zaune a shago wuni guda, kuma yana ganin ciwon suga na iyayensa ne. A Saudiyya kusan mutum ɗaya cikin kowane manya biyar yana ɗauke da shi, da yawa kuma ba su sani ba, saboda yana iya yin shekaru yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ba tare da ciwon kai ko zazzaɓi ba. Wanda ya kai 35, musamman idan uwa ko uba suna da shi, ko macen da suga ya taso mata lokacin goyon ciki, ya je a gwada shi. Idan aka gwada da safe kafin a ci komai aka ga sugan jini 126 mg/dL ko sama, aka maimaita aka sake gani, ciwon ya kama. Tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne, kuma a wannan matakin rage ƙiba da tafiya a ƙafa suna iya juya lamarin. Gwajin da ake kira tarakumi, mai nuna matsakaicin wata uku, idan ya kai 6.5 shi ma shaida ce.

Mu dubi sufrarmu. Mu Hausawan nan kicin biyu muka haɗa a tabarma ɗaya. Ga kunun tsamiya da ƙosai da muka gada, ga sambusa da shorba da ful da tamis na maƙwabta, ga luƙaimat yana iyo a zuma, ga subiya fara da ja da aka yi layi aka sayo tun La'asar, ga jug ɗin Vimto yana gumin sanyi. Babu ɗayansu da nake cewa haramun ne ga mai suga. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To idan idon yana kan allo fa, wa zai san ƙimar? Ku lura da hannun mai kallo: ya tafi faranti, ya dawo baki, ya koma, mai hannun bai sunkuya ko sau ɗaya ba. Sai yatsu sun taɓa ƙasan faranti sannan ya duba ya ce wa ya cinye. Ciki yana buƙatar kamar minti 20 kafin ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya ƙoshi, wanda hankalinsa yake wani wuri kuwa ko saƙon ya zo ba ya jin sa.

Abin sha ya fi ba ni tsoro, domin ba ya cika ciki. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a wuni, kuma ya fi kyau ya tsaya a shida. Gwamnati ta sa harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba a 2017, ta faɗaɗa shi zuwa sauran abubuwan sha masu zaƙi a ƙarshen 2019, amma haraji ba ya shiga kicin. Sugan da uwargida take zubawa a kunu da ludayi babu mai ƙirga shi sai ita.

Wata dattijuwa da take zuwa wurinmu ta kawo mini jihaz ɗinta na gwaji a ƙulle cikin leda. Na duba abin da ya ajiye: dare bayan dare sugan yana haura 300, da rana kuma wajen La'asar yana faɗowa ƙasa sosai. Na ce, "Gwaggo, yaushe kike shan maganin buɗa-baki?"

Ta ce, "'Yata, idan na tuna. Yaran nan da sun kunna abin nan sai hira ta ɗauke mu. Wani lokaci sai na dawo daga asham nake ganin ƙwayar a kan firij."

"To na sahur fa?"

"Shi kam ba na wasa da shi. Idan na manta na dare ma sai in haɗa su biyu."

Gabana ya faɗi. Haɗa kaso biyu da asuba, sannan a kame baki har faɗuwar rana, hanya ce ta faɗuwa sumamme kafin Azahar. Wannan baiwar Allah ba sakaci gare ta ba. Maganinta dai ba shi da mazauni a cikin awa biyun nan, kallo kuwa yana da shi. Muka shirya da jikarta cewa kwalin maganin zai zauna a cikin kwanon dabino, ba za a taɓa rimot ba sai Gwaggo ta haɗiye. Da ta dawo, lambobin dare sun sauko.

Abin da nake roƙon kowane gida ke nan, kuma ba ya cin ko riyal ɗaya. A buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya zuwa uku, talabijin a kashe. Mai magani ya sha a lokacin da likita ya sa masa. A yi Magariba, a dawo a ci abinci a zaune ana ganin abin da ake ci, kowa da farantinsa, a zuba sau ɗaya, rabinsa ganye da salak. Soyayye a ɗauki biyu a ture sauran. Idan an gama a kwashe sufra gaba ɗaya kafin a kunna komai, kada a bar ko kwanon luƙaimat a tsakar ɗaki, wanda zai yi kallo ya riƙe kofin ruwa. Halƙa ɗaya ta isa. Daga nan a miƙe, domin tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage tashin suga, tsokar ƙafa tana janye shi daga jini. Wanda ya taka zuwa masallaci ya tsaya asham ya samu wannan har da ƙari. Matan da suke salla a gida su zagaya falo ko su hau bene su sauko, kuma ina roƙon maza su bar musu sararin yin haka, kada wanke-wanke ya cinye musu daren. Sahur a jinkirta shi zuwa kusa da alfijir, a ci mai daɗewa a ciki irin su ful da ƙwai da madara marar suga. Wanda ya kwana kallo har ya kasa tashi sahur, alhali yana shan maganin da yake saukar da suga, ya jefa kansa cikin hatsari tun kafin gari ya waye.

Akwai lambobi biyu da nake so a rubuta a manna a jikin firij: 70 da 300. Idan mai azumi ya gwada ya ga ƙasa da 70, ya karya nan take ko da saura minti biyar a kira salla, ya sha rabin kofin abin zaƙi ko ya ci dabino uku, ya sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya ga sama da 300 shi ma ya karya, ya sha ruwa, ya nemi likita. Rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, bugun zuciya, ganin duhu-duhu ko magana ta rikice, duk alamun saukar suga ne, kuma ba a jiran Magariba da su. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Wannan ba tsoratarwa ba ce: wani babban bincike da aka yi kan azumin 2001 a ƙasashe 13, har da Saudiyya, ya gano cewa mummunar saukar suga tana ninkawa fiye da sau bakwai a watan azumi ga masu nau'i na biyu na ciwon, wanda ya fi kama manya, kuma kusan kashi 79 cikin ɗari na waɗannan marasa lafiya sun yi azumin aƙalla kwana 15. Mutanenmu suna son ibadarsu, na sani, ni ma ina so su same ta cikin lafiya. Amma mai nau'i na ɗaya da sugansa ba ya daidaita, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, da mai juna biyu da take allurar insulin, da wanda ya suma saboda saukar suga a watanni ukun da suka wuce, waɗannan likitoci suna ba su shawarar kada su yi azumi, kuma Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya haɗa likita da malami ya ji ta bakinsu duka.

Gyaran magani ba a ranar ganin wata ake yin sa ba. A je wurin likita mako shida zuwa takwas kafin azumi, wato tun cikin Rajab, a tafi da kwalayen maganin duka a jaka, domin wasu, irin su glibenclamide da insulin, sai an canza musu awo da lokaci, kuma kada kowa ya kwaikwayi awon maƙwabcinsa. Na san a cikinmu akwai waɗanda matsalar iƙama, wato takardar zama a ƙasa, ko rashin inshora take sa su jan ƙafa da asibiti. Jihaz na gwaji ana sayar da shi a kowace saidaliyya, wato kantin magani, ba tare da an tambayi takarda ba, gida biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su saya, kowa dai da tasa allurar hudawa. Mai neman shawarar likita ta waya ya kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, dare ko rana. Idan mutum ya faɗi ba ya amsawa, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a kira motar agaji a 997.