Ku daina fesa wa shanu maganin gona don kashe kaska

Tun shigowar damina ake ta kiranmu, mu ma'aikatan ofishin likitan dabbobi, zuwa zaribu, wato shingayen da ake tsare shanu, a ƙauyukan Sinnar da Mai Wurno na ƙasar Sudan, kuma abin da muke tararwa kusan iri ɗaya ne: saniya a kwance tana dalalar miyau, jikinta na karkarwa, ga gudawa, numfashi na fita da ƙyar. Idan aka matsa da tambaya, sai a fito da kwalbar maganin feshin auduga ko na tumatir da aka yi mata wanka da shi saboda kaska.

Iyayena da 'yan uwana makiyaya, wannan magani ba don dabba aka yi shi ba. Yana ratsa fata ya shiga jini, yana fita a cikin nonon da 'ya'yanku za su sha da safe, kuma yaron da kuka sa ya shafa shi da hannu yana cikin haɗari ɗaya da saniyar. Mun faɗa a masallaci, mun faɗa a kasuwar dabbobi, amma har yanzu sai ka ji dattijo mai hankali yana cewa ai na gonar ya fi ƙarfi kuma ya fi araha. Wace araha ce a cikin asarar saniya mai tatsa?

Na san abin da yake tura ku. Kaska tana shan jini, tana lalata hantsa, tana kawo zazzaɓin nan mai kumbura kaluluwa wanda yake kashe maruƙa, musamman shanun da aka haɗa irinsu da na Turai, domin ba su da juriyar shanun gida irin su Kenana da Butana. Ga maganin dabbobi ya yi tsada tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. To amma darbejiya, wadda ake kira nim a nan, tana ƙofar gidan kowa, 'ya'yanta suna zuba a ƙasa ba mai tsinta. Man da ake matsewa daga ƙwayarta yana hana kaska cin abinci, yana kuma rage ƙyanƙyasar ƙwanta. Haka man kanumfari da na ciyawar lemun tsami, masana sun gwada sun ga suna kashe ƙananan kaska, suna kuma korarta. Sai dai ƙarfinsu yana tashi da wuri a zafin ranar ƙasar nan, don haka dole a riƙa maimaitawa, kuma man kanumfari zalla yana ƙona fata, ba a shafa shi sai an sirka.

Ku zuba cokali biyu na man darbejiya a lita 1 ta ruwa da ɗan sabulu, ku girgiza sosai. Ku fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan a jikin dabba. Ku shafa da yamma a kunnuwa, da matsematsi, da ƙarƙashin wutsiya, da gefen hantsa, ban da ido da kan nono, sannan ku maimaita duk mako. Ku yaɓe tsagar bangon zariba, domin a nan kaska take ɓuya ta zuba dubban ƙwai. Kada ku murƙushe ta da farce, saboda tana ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini wanda ya kashe mutane a Alfula ta Kordofan a 2008.

Wannan mai ba ya warkar da saniyar da zazzaɓi ya riga ya kama, kuma idan kaska ta rufe garke ba zai isa shi kaɗai ba. A irin wannan hali ku zo ofishin likitan dabbobi a ba ku maganin da aka yi don shanu tare da ma'auninsa. Wanda kuma ya riga ya fesa na gona, ya gaggauta wanke dabbar da ruwa mai yawa da sabulu, ya zubar da nonon, ya aiko a kira mu, kwalbar kuma a ajiye mana mu ga sunan maganin.