Tsare inzayim biyu a ɗaki ɗaya: tambayoyi kan GOx da HRP cikin abu mai ramuka

Me ake nema idan aka tsare inzayim biyu wuri ɗaya?

Aikin miƙa hannu ne. Inzayim furotin ne mai hanzarta sauyin sinadarai. GOx (gulukos oksides) inzayim ne da yake cin sukarin gulukos da iskar oksijin, ya fitar da asid ɗin gulukonik da haidurojin feroksaid. HRP kuma, wato inzayim ɗin feroksides da ake samu daga saiwar tsiron horseradish, ya karɓi feroksaid ɗin ya sauya launin sinadarin ABTS zuwa kore, a auna launin da haske mai tsawon zango kusan nanomita 420 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). In an tsare inzayim ɗin biyu cikin ƙwaya ɗaya ta abu mai ramuka, ana iya tace su a sake amfani da su, sun fi jure zafi, feroksaid ɗin ma ba ya taruwa.

Wane gida ya dace da su?

Girman rami ake fara dubawa. Faɗin GOx ya kai nanomita 6 zuwa 8, HRP bai kai haka ba. Silikar SBA-15, wadda aka fito da ita a Santa Barbara ta Amurka a 1998, ramukanta na iya kaiwa nanomita 5 zuwa 30, don haka jiƙa ta ake yi a ruwan inzayim ya shige. ZIF-8 kuwa, wani abu mai ramuka da ake haɗawa daga zink da 2-metilimidazol, ƙofarsa nanomita 0.34 ce kacal, babu inzayim ɗin da zai ratsa ta. Shi ya sa ake gina shi a kansu: a zuba GOx da HRP a ruwan 2-metilimidazol, a ƙara gishirin zink, a bar shi cikin ɗumin ɗaki har farin gari ya kwanta, sannan a ware shi da injin juyi a wanke.

To kusancin ne ke ƙara sauri?

A nan mutane da yawa ke kuskure. A 2016 rukunin Henry Hess na Jami'ar Kolumbiya ya nuna cewa kusanci kaɗai ba ya ƙara wa GOx da HRP sauri idan aiki ya kankama, domin feroksaid yana bazuwa cikin ruwa da gaggawa, nan take ya wadaci HRP ko ina yake. Ribar takan zo ne daga yanayin tsami na cikin ramin da kuma kariyar da bango ke bayarwa. Kusanci yana da amfani sosai idan akwai wani mai wawure feroksaid a waje, kamar inzayim ɗin katales. Saboda haka dole a kwatanta da inzayim da ba a tsare ba, wanda ke cikin ruwa kawai, daidai yawa, daidai pH (ma'aunin tsami). Sakamakon da babu wannan gwaji bai kamata a amince da shi ba.

Ina aikin ya fi lalacewa?

Asid ɗin da GOx ke fitarwa yana narkar da ZIF-8 idan pH ya sauka ƙasa da 6. Ruwan fosfet ma yana cinye shi, domin fosfet na kama zink. Idan GOx ya rinjayi HRP, feroksaid ya yi yawa ya kashe HRP, don haka a gwada rabo daban-daban kafin a tsaya kan ɗaya.

Akwai kuma ruɗin wanki. ABTS ya fi ƙofar ZIF-8 girma, to sau da yawa launin da ake gani aikin inzayim ɗin da ya manne a bayan ƙwaya ne. A wanke da SDS, wani sinadarin wanki, a sake aunawa. In aikin ya faɗi warwas, na waje ne ke yi tun farko.

Idan inzayim ya mutu cikin ZIF-8 fa?

Ramukansa ba sa son ruwa, ruwan haɗa shi kuma yana da kaifi irin na kanwa. A koma ZIF-90 ko MAF-7, 'yan uwan ZIF-8 masu son ruwa, waɗanda aka ga katales ya fi rayuwa a cikinsu.